Kafin Ku Shigo da Ruwa, Ku Nema Masa Hanyar Fita

Ƙannena, idan Allah Ya buɗa wa yaron kirki, gidansu yake fara tunawa. Ya tuna mahaifiyarsa tana jiran mai kurar ruwa tun da sassafe, ya tuna ƙannensa mata da bokiti a ka, ya tuna tsohon makewayin da ake jin nauyin nuna wa baƙo. Sai ya ce bari ya gyara. Niyya ce mai kyau, Allah Ya saka wa mai ita da alheri. Amma na ga gidaje da dama da wannan niyyar ta yi wa lahani, saboda an fara aikin daga inda ya kamata a ƙare shi. An sayo tayil mai sheƙi, an kafa masai na zama, an haƙa burtsatse, an ɗora tanki. Bayan damina biyu sai bango ya fara kumbura, filasta na zubowa, wari ya hana zaman tsakar gida, maƙwabci kuma ya daina amsa gaisuwa da sakin fuska. Dalilin duk wannan guda ne. Tsohon gida a kan ruwa kaɗan aka gina shi, kuma duk wanda zai ƙara masa ruwa, dole ya fara tanadar inda ruwan zai bi ya fita.

Ku dubi tsarin gidan ƙasa na cikin birni, ko a Kano ne, ko Zariya, ko Katsina, ko Damagaram. An gina shi a zamanin da ake jan ruwa da guga a zuba a randa, a yi wanka da bokiti ɗaya, a yi alwala da buta. Ɗan abin da aka zubar yakan bi rariya ya faɗa kwatami a lungu, saura kuma rana ta shanye. Salga rami ce mai zurfi da ba a kwarara mata ruwa, shi ya sa takan yi shekaru ba ta cika ba. Ruwan da magina suka ji tsoro shi ne na sama, kuma sun yi masa shiri: indararo mai tsawo da zai jefa shi nesa da bango, da yaɓe kafin damina. Ba su yi tanadin ruwan da zai riƙa gudana a cikin bango da ƙarƙashin daɓe dare da rana ba, domin a lokacinsu babu shi.

To, ku yi lissafi da kanku. Tsohon samfurin masai na zama yana tafiya da lita 9 ko fiye duk sa'ad da aka ja ruwa. A gidan mutum 20, in kowa ya shiga sau uku a yini, an haura lita 500 ke nan, ba a zo kan wanka da wanki da wanke-wanke ba. Kan famfon da ke ɗiga ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a kwana, fiye da jarka guda. Idan ba a yi wa wannan ruwa hanya ba, gindin bango zai nufa. Ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, gara ta sami abin da take so ta hau ta cinye azara, ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai a ce damina ce ta rusa ɗakin, alhali famfo ya daɗe da gama aikinsa a ƙasa. Gidan bulo ma bai tsira ba. Danshi yakan hau bango, fenti ya ɓare, wani farin gari mai kama da gishiri ya fito. Mutane da yawa sukan rufe wurin da tayil su ɗauka sun yi magani. Danshin bai tafi ko'ina ba, hawa zai yi ya ɓullo a saman tayil ɗin.

Akwai kuma gidajen da tun asali da famfonsu. Kano ta fara shan ruwan Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma an daɗe yawancin jama'a a famfon unguwa suke ɗiba. Gidaje masu fayif a ciki sun yawaita ne a shekarun 1970, lokacin kuɗin mai da kuɗin Udoji, lokacin da aka kammala madatsar Tiga. Fayif ɗin wancan zamani na ƙarfe ne da aka shafe da abin hana tsatsa, kuma yau ya kai shekara hamsin, wato ya ci iyakar kwanansa. Irinsa daga ciki yake lalacewa. Tsatsa takan taru a jikinsa kamar ƙanzo a gindin tukunya, har fayif mai rabin inci ya koma ƙofar da tsinke ne kawai zai wuce. Alamominsa ba sa ɓuya: ruwan farko da safe ja ne, famfon nesa ba ya zuwa da ƙarfi ko da tanki a cike, mahaɗa ta yi kumburin tsatsa, wani wuri a daɓe kuma ba ya bushewa ko da rani. In kuna shakka, ku cika tanki da dare, ku rufe kowane famfo, ku yi wa bakin ruwan alama. Da asuba ku duba. In ya sauka, akwai inda yake zurarewa a ɓoye.

Yoyon fayif ba asarar ruwa kaɗai ba ne, kuma nan ne abin ya fi damuna. A yawancin garuruwanmu ruwan gwamnati ba ya zuwa kullum. Muddin fayif a cike yake, ruwa ne ke fita ta hujin. Da zarar an ɗauke ruwa, fayif ya zama fanko, sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi. Ku leƙa lungunanmu ku ga fayif nawa ne ke kwance tsamo-tsamo a cikin kwata, an ɗaure mahaɗarsu da robar taya. Abin da ke cikin kwatar shi ne ke shiga randar gidan idan ruwa ya dawo. Ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa ke shiga gidan da ake share shi sau biyu a yini. A shekarar 2021 an ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Saboda haka fayif ɗin da ya taso daga babban layi ya shigo gidanku, shi ma naku ne. Ku fitar da shi daga kwata. In ba makawa sai ya tsallaka ta, a ɗaga shi sama, a zura shi cikin wani fayif mafi faɗi da kauri, kuma kada mahaɗa ta faɗo a daidai wurin.

Kafin a sa diga a ƙasa, ku zauna da manya. Da tsohuwar zuma ake magani. Baffanku ko gwaggonku da ta girma a gidan ta san inda tsohuwar salga take wadda aka rufe tun kafin a haife ku, ta san inda aka cike rijiya, ta san kusurwar da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Babu takardar da ta rubuta waɗannan, kuma wanda ya gina sabon banɗaki a kan tsohon rami da azara ce kawai ta rufe shi, ya jefa rayukan iyalinsa cikin haɗari. Sannan ku tambayi matan gida, domin su ne ke wuni da ruwan. Ku ce, “Inna, a ina kike son famfon wanke-wanke?” Ita ta san inda inuwa take da hantsi, da inda za ta yi wanki ba tare da mai shigowa daga zaure ya gan ta ba. Na sha ganin famfon da aka kafa da kuɗi mai yawa ba a amfani da shi, don kawai ba a yi wannan tambayar ba.

In gidan gado ne da ba a raba ba, akwai magana mai nauyi da gara a yi ta tun da wuri. Kuɗin da za ku zuba kyauta ne ga gida, ko rance ne da za a cire ranar rabo? Ku faɗa a gaban magada, a rubuta, a sa shaidu. Ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne, domin bayan shekara goma kowa da yadda zai tuna maganar.

Yanzu sai hanyar fita, wadda ita ce rabin aikin ko fiye. Shawarata ita ce a tattara duk abin da ya shafi ruwa, banɗaki da wurin wanki da wurin wanke-wanke, a kusurwa ɗaya ta gida, a ɓangaren da ƙasa ta fi gangara, a gina shi da bulo a kan nasa harsashin, kada ya jingina da bangon ƙasa, ballantana bangon da kuka haɗa da maƙwabci. Samari na son kowane ɗaki da banɗakinsa. A sabon gini wannan ba laifi, amma a tsohon gida kowane ƙarin banɗaki ƙarin mahaɗa ne a ƙarƙashin daɓe, kuma a mahaɗa ake samun yoyo.

Fayif ɗin masai inci huɗu ake sa wa, kuma gangararsa ita ce ransa: kimanin inci ɗaya a kowace mita. In ya kwanta sosai, ƙazanta ta tsaya. In kuma an ƙyale ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba a daddaɓe ta ba, bayan damina ya lotsa a tsakiya ya riƙa toshewa. A duk inda layi ya karya kwana, a gina ɗan akwatin dubawa mai murfi, wanda masu aikin ke kira cemba, don ranar da ya toshe a buɗe a zura sanda, ba sai an fasa tsakar gida ba. Kowane masai da kowace magudanar banɗaki na bukatar lanƙwasa mai riƙe ruwa, ita ce ke tare wari da kyankyasai. Sai kuma fayif na shan iska da zai miƙe ya wuce rufin gida, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Waɗannan ƙananan abubuwa su ake fara zaftarewa idan kuɗi ya yi ƙasa, don ba a ganinsu, alhali su ne ke raba banɗakin da ake shiga da natsuwa da wanda ake shiga da toshe hanci.

Ramin da mutane ke kira sokawe a gaskiya rami biyu ne ya kamata ya zama. Na farko a yi masa kankare a ƙasa, a yi masa filasta a ciki yadda ba zai zurar ba, a raba shi ɗaki biyu, nan ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe. Ruwan da ya tace a sama shi ke wucewa rami na biyu, wanda aka bar wa ƙofofi ƙasa ta shanye. Masu son sauƙi sukan haƙa rami ɗaya su bar gindinsa a buɗe, su ce ai ba zai taɓa cika ba. Gaskiya ne zai daɗe bai cika ba, domin yana juye abin cikinsa a ruwan ƙasa da unguwa ke sha. Ruwan wanki da na wanke-wanke kada a haɗa su da na masai, a yi musu nasu ramin. Matanmu da toka da yashi suke goge tukunya, ga maiƙon manja da ke daskarewa, don haka a sa cemba mai raga a bakin wurin wanke-wanke, a riƙa kwashe ta. Ku kuma yi tunanin ranar kwashe ramin. Lungunan cikin birni ba sa ɗaukar mota, sai a sa murfin a inda tiyo zai iya kaiwa daga titi. Kuma ina roƙonku da Allah, kada ku bari kowa ya shiga irin wannan rami don ciro wayar da ta faɗa ko don gyara. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin bayan gida. Na san abin da za ku ce: gidanmu duka bai kai haka ba, kuma salgar maƙwabci tana bayan katangar da rijiyarmu take. Haka ne, kuma ba zan ce muku akwai dabarar da za ta kawar da wannan ba. Abin da za ku iya shi ne ku nisanta gwargwadon hali, ku sa ramin a ƙasan gangara, ku tabbata na farkon ba ya zurarwa, ku ɗaga bakin rijiya ku yi mata murfi da daɓen siminti kewaye. Sannan ku ɗauki ruwan irin wannan rijiya a matsayin na wanki da wanka. Na sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa. In burtsatse za ku haƙa, ku sa a auna ƙasa tukuna, domin ƙarƙashin Kano da kewayenta dutse ne, ruwan a tsagoginsa yake, ba ko'ina ake dacewa ba. A toshe kewayen bakinta da siminti zuwa ƙasa don kada ruwan sama-sama ya gangara ciki, a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha. In gida huɗu ko biyar za su haɗu a kan guda ɗaya, ya fi wa aljihu, ya kuma fi wa rijiyoyin maƙwabta da ke ƙafewa idan kowa ya haƙa tasa.

Sai bayan an gama wannan ake maganar shigo da ruwa. Lita 1,000 nauyinta tan guda ne, ke nan tanki mai lita 2,000 tan biyu ne. Rufin azara bai san wannan kaya ba, tsohon rufin kankare da rodinsa ya yi tsatsa ma haka. A yi wa tanki tsayuwarsa ta ƙarfe ko ta bulo mai nata harsashin, a sa masa abin da ke tsayar da ruwa in ya cika, don ambaliyar tanki ta kashe bango da yawa. Ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa da faɗin fayif ɗin da ya sauko: a sauko da inci ɗaya ko fiye, sannan a rarraba da ƙanana. Kada ku haɗa injin jan ruwa kai tsaye da layin gwamnati. Yin haka janye rabon maƙwabta ne, kuma yana ƙara zuƙo dattin kwata. A tara ruwan a tankin ƙasa, daga nan inji ya tura shi sama.

Tsohon fayif na ƙarfe kuwa a cire shi gaba ɗaya. Wanda ya canza rabi ya bar rabi, da zarar sabon tanki ya ƙara wa ruwa ƙarfi, tsofaffin mahaɗai za su fara fashewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin sabon tayil. Fayif na roba da zai maye gurbinsa iri-iri ne. PVC na ruwan sanyi ne, da gam ake haɗa shi, ba ya jure ruwan zafi, kuma rana tana gasa shi ya yi ƙaƙas ya riƙa tsagewa, sai a binne shi ko a yi masa fenti. PPR, wanda galibi kore ne, da injin zafi ake narka bakinsa a haɗa, yana ɗaukar ruwan zafi, mahaɗarsa kuma ta fi aminci in mai aikin ya iya. In kun shiga Ƙofar Ruwa ko wata kasuwar kayan gini, ku karanta rubutun da ke jikin fayif, ku dubi kaurinsa, domin akwai na ɗaukar ruwa mai ƙarfi, akwai na magudana, akwai kuma siririn da aka yi don wayar lantarki. Araha ba ta ado, balle a abin da za a binne. A bangon ƙasa kada a sassaƙa hanya a cusa fayif. A bar shi a fili a ɗaure da maƙalai, yadda in ya fara ɗiga ido zai gani a ranar. Kowane ɓangare na gida kuma a sa masa bawul ɗinsa, don gyaran famfo ɗaya kada ya hana gida duka ruwa.

Ku tuna da waɗanda kuke yi wa aikin. Tsohon da gwiwa ta hana shi tsuguno, masai na zama rahama ne gare shi, a kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Wata tsohuwar kuma ba za ta taɓa sakewa da shi ba, ita a bar mata na tsuguno, wanda buta ɗaya ko biyu ta ishe shi. Tayil mai santsi a banɗaki ya karya ƙugun tsofaffi da yawa, a nemi mai kaushi. A sa famfo ƙasa-ƙasa don cika buta da wanke ƙafa, da ɗan dakalin zama na alwala. Wajen kafa masai a lura da alƙibla. Malamai sun yi sauƙi a kan abin da ke cikin gini, amma iyayenmu sun fi samun natsuwa in an kauce, kuma kaucewar ba ta cin ko sisi in an yi tunaninta tun farko. In za a sa hita, mai aikin lantarki na gaske ne zai haɗa ta, da wayar ƙasa, makunninta kuma a wajen banɗaki.

Mai gyaran famfo ba a zaɓensa da zaƙin baki. Ku nemi ya nuna muku gidan da ya yi wa aiki shekara uku ko huɗu da suka wuce, ku je ku gaisa da masu gidan, ku dubi gindin bangonsu. Ya rubuta kayan da ake bukata, ku je kasuwa tare. Ku yi jinga a bayyane, ku biya kashi-kashi yadda aiki ke tafiya, in ya cika alkawari kuma kada ku riƙe masa haƙƙinsa ko na kwana ɗaya. Aikin da rani ake yinsa, a fara bayan kaka a gama kafin ruwan farko, kuma kada a rushe tsohon makewayi sai sabon ya fara aiki, domin gida mai mata da yara ba ya kwana babu wurin zagawa.

Kada a yi filasta, kada a manna tayil ko ɗaya, sai an gwada. A cika tanki, a saki ruwa cikin dukkan layuka, a rufe kawunan famfo, a bar shi kwana ɗaya cur, sannan a bi kowace mahaɗa da busasshen hannu. A kwarara bokiti biyu ko uku a masai, wani ya tsaya a cemba ta ƙarshe ya ga ko ruwan ya iso da gudu. Mai tayil zai matsa muku yana sauri, ku ba shi haƙuri. Kafin a rufe, ku ɗauki hoton kowane layi da waya, ku zana taswirar gidan a takarda ku nuna inda fayif ya bi da inda ramuka suke, a ajiye ta tare da takardun gida. Ku nuna wa matan gida da manyan yara inda babban bawul yake da yadda ake rufe shi, domin fayif yakan fashe ne a lokacin da maza ke kasuwa. Bayan damina ta farko ku sake zagaya gindin kowane bango, har da ɓangaren maƙwabci, ku buɗe kowace cemba ku duba.